Ranar da Waya Ta Mai da Ni Ɗan Fari

Ni fa ban nemi aikin nan ba, jawo ni anka yi. Gara in faɗi wannan tun farko, don akwai masu yawo da zancen wai ni na yi ta naci sai da anka sa sunana. Ƙarya ce. Ina zaune lafiya lau a rumfar cajin waya da ke bakin kasuwar Gwandu, ina taya mai rumfar jonawa da cirewa, ina tura wa mutane waƙa ko wa'azi, kowa da abin da ransa ke so, wani ma duka biyun. Inuwa akwai, hira akwai, in mai ƙosai ta biyo ba a rasa mai tausayi. Makaranta kuwa mun rabu tun ina tsakiyar sakandare, rabuwa ta mutunci, ba ta neme ni ba, ban neme ta ba.

Yayata ce ta ɓata mini wannan zama. Ita ce babbarmu, ni ke bi mata. Ta gama makarantar koyon aikin lafiya, ta dawo gida ta zauna, takardarta na ƙasan akwati tana kwana da zannuwan Inna. Duk inda anka ce ana ɗaukar ma'aikata sai ta je, ta dawo, ta cire hijabi ta ɗauki tsintsiya. Ana nan sai ga wasu masu bincike kan zazzaɓin cizon sauro suna neman waɗanda za su bi gida gida da waya suna tambaya: mutum nawa ne a gidan, yara nawa, wa ke kwana cikin gidan sauro, in yaro ya yi zazzaɓi ina ake kai shi. Anka ɗauke ta. An kuma ce duk wanda ya gama aikin da gaskiya za a ba shi takardar shaida, irin wadda ake dubawa in an zo ɗaukar ma'aikatan asibiti. Wannan takardar ce a ran Yaya. Da ita take kwana, da ita take tashi.

Bibbiyu ake aikin, mace da namiji, kowa da wayarsa. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: namiji ba ya wuce zaure, mace kuma ba za ta zauna cikin maza tana tambayar maigida ba. Ita ta shiga ciki wajen mata, shi ya tsaya wajen maza. Wanda anka haɗa ta da shi ya samu wata hanyar ya tafi Ikko ana gobe bita. Yaya ba ta yi shawara da kowa ba ta ba da sunana.

Na ce ba ni zuwa. Na faɗa a tsaye, na faɗa a zaune. Na ce ni da karatu sai dai gaisuwa daga nesa, ta ce karatun waya ne, ai na iya. Na ce mai rumfa ba ya iyawa in ba ni, ta ce ta tambaye shi, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Inna na gefe tana tsince shinkafa a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba, ta kira sunana sau ɗaya ta ce, "Tashi ka bi wance."

Haka take ce mata, wance. Ko kuma ɗiyar Kaka. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba, kuma ban taɓa tsayawa tunani a kai ba, yadda mutum ba ya tsayawa tunanin ƙofar ɗakinsu.

A Kalgo anka yi bitar. Mun sauka gidan wata goggonmu, kullum mu taka zuwa wani aji da anka aro. Mai duba aikinmu wani dogon mutum ne mai tabarau, daga Birnin Kebbi yake zuwa, kowa Oga yake ce masa. Yana da haƙuri, na shaida, don na gwada shi. Ya raba mana wayoyi manya manya, ya ce ba na kallon fim ba ne, kuma da ya faɗi haka ni ya kalla. Ya ce in ka isa ƙofar gida ka tsaya sai wani ɗigo a fuskar wayar ya koma kore, alamar na'urar sama ta ga inda kake, don kada wani ya kwanta gindin bishiya ya cika amsoshi da ka. Na ɗaga hannu na ce, Oga, in na tsaya shan fura ita ma tana gani? Ya ce tana gani, har ludayin. Tun daga nan muka fara shiri da shi.

Dokokinsa kuwa kamar karatun allo ya sa muka yi ta maimaitawa. Ka karanta tambaya yadda take. Abin da mutum ya faɗa shi za ka danna, kada ka ƙara kada ka rage. Kada ka bari wani ya amsa wa wani. In ka gama gida ka tura, da zarar ya tafi kuma ya ɓace daga wayarka, ba gyara. Yaya ta rubuta su duka a tafin zuciyarta. Ni na riƙe ta furar.

Da munka fara aikin damina ta sauka. Mun ari mashin ɗin ƙanen Babanmu, ni gaba Yaya baya, ta rungume jakar wayoyi kamar jariri, duk ramin da na faɗa sai ta tuna mini tarihina. Mun yi wajen Dangoma tukuna muna kwana gidan goggo, daga baya anka maido mu namu yankin, Kambaza da rugagen da ke kewaye. Ba zan ɓoye ba, abin ya fara yi mini daɗi. Ko'ina ka je an shimfiɗa maka tabarma, ana ce maka Malam. Ni, Malam. Tambayoyin kuma da Hausar rediyo anka rubuta su, in na karanta sai tsofaffi su kalli juna, wani ya ce, "Yaro wanga, ba ɗan gidan su wane ba ne? Yaushe ka koma Kano?"

Dokar nan ta kada wani ya amsa wa wani, wanda ya kafa ta bai taɓa zama zaure ba. Ka tambayi maigida, maƙwabcinsa ya amsa, ƙanensa ya gyara, wani mai wucewa da garma a kafaɗa ya tsaya ya ce duk ƙarya suke yi. Wa zan kora? Gidana ne? Sai in bar su su gama, in kalli maigidan, abin da ya gyaɗa wa kai shi nake dannawa.

Na tuna wani dattijo a wata ruga bayan Kambaza, muna zaune gindin wata ƙirya, shanu na can nesa. Na ce, "Baffa, 'ya'ya nawa gare ka?"

Ya ce, "Ukku."

Wani taubashinsa na kishingiɗe yana sassaƙa sanda, ya ce, "Ukku? To wancan da ke biye da awaki, daga bisa ya faɗo?"

Dattijon ya kawar da kai yana duban ƙafarsa, ya ce, "To. Yadda ka ce."

Na danna huɗu na wuce tambaya ta gaba, don batir ya fara ja kuma an kawo nono. Irin haka ta faru ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ban ajiye ta a rai ba.

Muna cikin haka wata ranar Laraba Oga ya kira wayar Yaya. Muna bakin hanya ne, na tsaya ƙara iska a taya. Ina kallon fuskarta tana sauka. Da ta gama ta ce na'urar ofis tana haɗa abin da mace ta tura da abin da namiji ya tura na gida ɗaya, kuma namu ba su jitu ba. Ba gida ɗaya ba, gidaje da yawa. Ofis sun ce ɗayanmu na cikawa da ka. Oga ya ce mu dakata da aiki, ranar Litinin mu same shi a Kalgo. In ba mu zo da bayani ba za a karɓe wayoyin, a cire mu duka biyu, kuma babu maganar takardar shaida.

Na ce, "Wace tambaya ce ba ta jitu ba?"

Ta ce, "Ya ƙi faɗa. Ya ce in ya faɗa za mu haɗa baki."

Daga nan har gida ba ta ce uffan ba. Ko da na faɗa wani rami da gangan don in ji muryarta, shiru.

Kowa ya san wanda ake nufi da ɗayanmu. Ko ni na sani. In an ce a zaɓi maƙaryaci tsakanin Yaya da ni, ko Kaka da ke cewa ni ne angonta ni za ta nuna. A rumfar caji labari ya riga ni isa, ban san ta ina ba. Mai rumfar ya ce, "Malam mai bincike, an ce na'urar sama ta kama ka." Na yi dariya tare da su, amma furar ranar ba ta wuce mini da daɗi ba. Ni in an kore ni, ga rumfa ga inuwa. Yaya fa? Tsintsiya za ta koma wa, kuma wannan karon da sunan wadda anka kora don ƙarya, a garin da magana ba ta kwana.

Na zauna na yi ta lissafin laifina. Gidan sauro ne? Akwai inda maigida ya ce suna da shi, alhali na hango shi an kewaye yabanyar tumatir da shi. Shekarun yara ne? Maza ba su san shekarun 'ya'yansu ba, sai dai a ce an haife shi shekarar da gulbi ya ci shinkafa, ni kuma in kintata. Ko kuwa mutanen zaure ne da nake bari suna sa baki? Ko'ina na duba sai in ga ƙafata a wurin.

Inna ba ta tambayi Yaya komai ba. Ni take tarewa a bakin madafa, ta rage murya ta ce, "Wance ta ci abinci?" In ce ban sani ba. Ta ce, "Kai mi ka sani?"

Ranar Asabar da la'asar abin ya fashe. Muna tsakar gida, Inna na gyaran zogale, Kaka, uwar Babanmu, na kan tabarmarta da carbi. Na yi kuskuren cewa wataƙila fa ba ni ba ne. Yaya ta juyo.

"To wa ne? Ni?"

"Ban ce ke ba. Na ce wataƙila wayar ce. Kin san kayan nan, in sun sha rana."

"Wayar ce ke zama shan nono? Wayar ce ke tara mutane kamar mai tallan magani? Ina cikin gida ina jiyo dariyarku."

"To in yi musu kuka?"

"Ka yi abin da anka ce ka yi. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya, mutum ɗaya. Ko wannan sai an kai ka jami'a?"

Na ce ai ita ma ba na ganin abin da take dannawa a ciki, wa ya sani ko hira take da amare. Ban kai ƙarshen maganar ba na yi da na sani, don idanunta sun kawo ruwa. Kaka ta ajiye carbi ta ce, "Kun hana ni lazimi. Ke, in kin fi shi iyawa, gwada mishi nan gabana, kowa ya huta."

Wayar na da wurin gwaji, inda muka koya a bita, abin da ka cika can ba ya zuwa ofis. Yaya ta share ido da gefen hijabi, ta ɗauko wayarta, ta jawo kujera 'yar tsugunne gaban Inna. Ta ce da ni, "Zauna ka ga yadda ake yi. Kuma ka rufe bakinka." Har ɗigon ta jira ya koma kore, a gidan da anka haife ta.

Ta gaida Inna kamar baƙuwa, ta karanta bayanin farko tsaf, ta nemi izini. Inna ta ce, "Ikon Allah," ta ci gaba da zogalenta. Anka yi tambayar ruwan sha, anka yi ta gidan sauro. Yaya na yi tana harara ta, wato ka gani ko. Sai ta zo kan ta yara.

"'Ya'ya nawa kika haifa waɗanda ke raye?"

Inna ta ce, "Huɗu."

Mu biyar ne.

Yatsan Yaya har ya tafi zai danna, don ya saba. Sai ya tsaya a sama. Wayar na son a jero su daga babba zuwa ƙarami, sai ta karanta wannan ma, muryarta ta ɗan canza. Inna ta fara da sunana. Ta bi da ƙannena ɗaya bayan ɗaya har auta, ta kakkaɓe hannu.

Yaya ta ce, "Sai wa?"

"Shi ke nan."

"Inna, ki dai tuna."

Inna ta jawo faifai ta sunkuyar da kai kamar an ce za a ƙwace zogalen. Ga mutum zaune gabanta, gwiwa na taɓa gwiwa, da hancinta iri ɗaya da nata, amma ta ce shi ke nan.

Kaka ce ta fara dariya, irin tata mai tari a ƙarshe. Ta ce, "Ke ma dai. Gabana za ta ƙirga ki? Ke tawa ce. Wa ya taɓa jin mace mai kunya ta sa ɗan fari cikin lissafi?"

Na buɗe baki zan yi tsiya, don dama irin wannan ba ta zuwa kullum. Sai dattijon gindin ƙirya ya faɗo mini a rai, shi da ukkunsa, da yaron da ke biye da awaki. Na ce, "Yaya." Ita ma ta riga ta juyo tana kallona.

Ta ce, "In maza sun ce ukku, kai mi kake dannawa?"

Na ce, "Abin da anka tsaya a kai bayan gardama."

"Ni kuma babu mai gardama. Daga ni sai ita a ɗaki. Ta ce ukku, in danna ukku."

Kunyar ɗan fari, wa bai san ta ba a ƙasar nan? A cikinta munka girma. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, in baƙo ya tambaya ta ce na kakarsa ne. A ruga ma abin ya fi tsanani. Amma ko sau ɗaya ba mu kawo cewa za ta bi mu har cikin waya ba. Yaya ba ta san gidajen nan ba balle ta ce ina wane, kuma an ce mata kada ta ƙara kada ta rage. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Ba ta jira Litinin ba. Nan take ta kira Oga, ta sa a bayyane don in ji. Bayan gaisuwa ta ce, "Oga, tambayar 'ya'ya ce, ko? Kuma nawa ne ke gaza nashi da ɗaya."

Oga ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Innarmu."

Ya saurari bayanin har ƙarshe. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya ce kada mu zo Kalgo, shi zai zo, mu kai shi gida ɗaya cikin waɗanda amsoshinsu ba su jitu ba, kuma shi zai zaɓa.

Allah da ikonsa, rugar dattijon nan ya zaɓa. Ya zo da wata ma'aikaciyarsu, ita ta shiga wajen uwargidan da Yaya, mu muka tsaya daga bakin shinge inda ake jiyo magana. Na ce yau in matar nan ta tashi da ƙarfin hali ta ce huɗu, mun shiga ukku. Anka yi tambayar. Ta ce ukku. Ma'aikaciyar ta ce, wancan saurayin mai awaki fa? Muna jiyo 'yar dariya, irin ta wanda ya rufe baki da mayafi, sannan ta ce, "Wancan na kakarshi ne." Wata tsohuwa daga bukkar gefe ta ɗaga murya ta ce nata ne mana, amma ba ita ta yi naƙudarsa ba.

Oga ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce shi kansa in mahaifinsa na wuri ba ya iya kiran babban ɗansa da suna, sai dai ya ce kai yaro. Ya ce da hannunsa ya duba tambayoyin nan kafin a sa su a waya, kuma bai gani ba. Ya juya wajen Yaya da ta fito ya ce ta yi haƙuri, ta yi aiki yadda anka koya mata, takardarta na nan in Allah ya kai mu ƙarshe.

Yaya ta zauna kan wani turmi da ke kife, ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Na matsa in ba ta haƙuri, ashe dariya take.

Ni kuma na fara gyara wuyan riga. Na ce, "Oga, wato dai nawa ne daidai."

Ya maida tabaransa ya ce, "Tsaya tukuna, Malam. Gidajen da ka samu maigida shi kaɗai, ba taubashi ba maƙwabci, nawa ya ce maka?"

Na saki wuyan rigar.

Ya ce, "Shi ma kunyar gare shi. Ya rage ɗaya, matarsa ta rage ɗaya, amsarku ta jitu, na'ura ta ba ku kore. Waɗannan su sunka fi damuna yanzu. Duk sai an koma."

Ka ji fa. Gidajen da muke taƙama da su ashe nan ne munka faɗi tare. Kuma ba mu kaɗai ba, duk sauran ma'aikatan sai da anka maida su. Bayan 'yan kwanaki wata sabuwar tambaya ta sauko cikin wayoyin da kanta, tana biye da ta 'ya'ya: ban da waɗanda anka lissafa, akwai na wajen kaka? Wannan kam suna amsawa. Uwa ta kalli gefe ta ce akwai, wata a gidan ta faɗi sunan. Haka munka sake bin hanyoyin nan cikin taɓo, gida gida, muna tono 'ya'yan fari kamar masu haƙar gyaɗa. Na yi ƙorafi a kowane rami. Yaya ta dawo da tuna mini tarihina, na gane lafiya ta samu.

Ranar da munka kai wayoyin Kalgo anka ba ta takardarta, ni ma anka ba ni tawa, tana nan wajen Inna don an ce ni zan naɗe ƙosai da ita. Goggo ta haɗo mu da kifi busasshe, manya. Dare bai yi ba Inna ta yi miya da shi, anka zuba tuwon shinkafa. Ina kallo ta tsamo tsoka mafi girma ta sa a kwanon Yaya, ta tura mata da ƙafa ba ta dube ta ba.

Na ce, "A'a. A dakata. Wannan rabon babba ne."

Yaya ta ce, "To?"

"To ni ne babba. Ina da shaida." Na ciro wayata, don ranar gwajin nan sai da na ɗauki hoton fuskar wayarta kafin ta goge. Ga sunana nan a sama, na ɗaya. "Ga shi. Daga bakin Inna, gaban Kaka, ɗigo kore. Ke ko a lissafi ba ki. Baƙuwa ce ke a gidan nan, mun dai riƙe ki don Allah."

"Wurin gwaji ne, ba ya zuwa ofis."

"Gaskiya ba ta buƙatar ofis. Daga yau a riƙa gaishe ni da safe. Kuma mashin in an aro, ke gaba ni baya."

Ƙannena sunka goyi bayana don na yi musu alkawarin kan kifin. Kaka ta ce ita ba ruwanta, ni angonta ne, amma Yaya ɗiyarta ce. Yaya ta ce in na isa in taɓa kwanon. Na ce ba taɓawa zan yi ba, hukuma zan kai. Na juya wajen Inna na ce, "Inna, ki raba gardama. Sunan wa kika fara kira? Sunan wa kike kira safe da yamma a gidan nan? Ita ko sau ɗaya an taɓa ji?"

Inna ta gama kwashe tuwon, ta rufe tukunya, ta ɗauraye hannu. Sannan ta ce, "Ita tun da ta zo duniya ba ta taɓa yin abin da zai sa in ɗaga murya in neme ta ba. Kai ko, kajin gidan nan ma sun haddace sunanka."